Sauya wa Tsohuwar Motar Daji Bodi a Garejin Gida: Jagora ga Masu Koyo

Wanda ya taɓa barin kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Cadawa da Agye da Gazawa ta wuce Tasawa, ya gangara cikin yashin ƙauyuka, ya san motocin da ke riƙe da karkararmu: tsofaffin Land Cruiser da Hilux, da ƴan ragowar Land Rover da suka ƙi mutuwa. Su ke fito da gero da wake da aya ranar kasuwa, su ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Injinsu da ƙafafunsu suna daɗewa, bodi ne ke fara gajiya. Lodi ya buɗe shi, gargada ta tsattsaga shi, fitsarin dabbobi da kanwa da takin zamani su cinye ƙasansa, ko kuma mota ta kife a kwana, rufi ya lotse.

Irin waɗannan motoci hawa biyu aka ƙera su. A ƙasa akwai shasi, mai ɗauke da injin da giya da aksul da sifirin. A sama akwai bodi, ɗaure da bulon. Shasi shi ne mutum, bodi riga ce, ana iya tuɓe ta a sa wata. Wannan sauƙin ne ke ruɗar samarin da suka fara buɗe gareji a ƙofar gida. Su karɓi aikin da murna, bayan sati biyu a zo ana neman wanda zai kwance abin da suka ɗaura. Kuma kurakuran ba sa canzawa: a sayo bodi kafin a auna shasi, a rataye shi a reshen bedi, a datse wayoyi da filaya don gaggawa, a ƙarshe idan ramuka suka ƙi haɗuwa a kira mai walda ya liƙe bodi da shasi. Don ƙannena masu koyo na rubuta wannan, da kuma masu motoci, don su san abin da za su sa wa ido.

Kayan da za ka tanada

– Palan mai sarƙa, wanda aka rubuta masa tan 1 aƙalla. Mai tan 2 ya fi kwanciyar hankali. Idan bodin dogo ne, palan biyu.
– Maratayi na ƙarfe: ƙafafu na bututu mai kauri da gindi mai faɗi, da ƙarfe mai ƙwari a gicciye a sama, tsawonsa ya isa bodi ya haye injin da sandunan giya.
– Tano huɗu masu lita 200, da katako biyu masu kauri da suka fi motar faɗi, da faffaɗan katakai na shimfiɗawa a ƙasa.
– Jak, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota.
– Sifanu. Toyota na cin 10, 12, 14, 17 da 19. Tsohuwar Land Rover kuwa awon inci take bi, irin su 7/16 da 1/2 da 9/16. Ka tura mata na milimita, ka murje kan bulon, ka saya wa kanka wahalar yini guda. Ka nemi sifana ta musamman mai tsaga ta notin bututun birki, domin sifanar baki-buɗe lalata shi take yi.
– Mita, igiya da dalma irin ta magina, alli, fenti ko maka, salatif na takarda, da gwangwanayen tumatir wanke na zuba bulon.
– Garenda, guduma, dogayen ƙarafa biyu ko huɗu masu tsini.
– Sababbin robobin da bodi ke zama a kansu, sababbin bulon masu lamba 8.8 a ka, man birki a rufaffen gwangwani.
– Tukunyar kashe gobara, ko aƙalla bokitan yashi a kusa.
– Waya mai hoto, da mutane huɗu masu jin magana.

Lokaci ma kayan aiki ne. Bayan kaka, cikin sanyi, shi ya fi. Da damina ƙasa na laushi, iskar da ke gaban hadari kuma tana iya juya bodin da ke rataye. Sai dai hunturu na da nasa sharri, ƙura, don haka kowane bututu ka buɗe ka toshe bakinsa. Kuma ko da yake babban layin wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa yake shigowa, kada ka tsara ranar ɗagawa a kan wuta. Ka gama yanka da walda tun kafin ranar, ko ka tanadi gurup, wato janareta.

1. Ka fara da takardu

Na san ba nan saurayi ke son farawa ba, amma nan ake asara mafi ciwo. A idon hukuma, lambar shasi ita ce motar. A Land Cruiser an buga ta a jikin shasi ta hannun dama, kusa da tayar gaba. A Land Rover ma ta dama take, can gaba wajen maƙalin sifirin. Akwai kuma ƙaramin faranti a jikin bodi mai ɗauke da lambar. Ka goge wurin da tsumma da gazwal, ka gwada lambar da ta kart giriz, wato takardar motar, harafi bayan harafi. Da zarar ka sa wani bodi, farantinsa zai nuna lambar wata mota dabam, launi zai iya canzawa, wani lokaci har da siffa da yawan kujeru. A yankin iyaka irin namu, inda jandarma da ƴan duwan ke duba fikof na daji da idon basira, wannan saɓanin ya isa a ajiye mota a bariki.

Saboda haka mai mota ya je ofishin sufuri a Maraɗi tun kafin a taɓa bulon ɗaya, ya faɗi abin da yake son yi, ya ji abin da za a nema. Wanda ya sayar da bodi kuma ya ba da takardar ciniki da shaidu, da lambar motar da aka cire shi. Bodin da mai shi ke kame-kame idan an tambayi asalinsa, ka bar masa kayansa, araha ba ta ado. Abu ɗaya kuma da ba a yi ko da wasa: yanke lambar shasi a liƙa ta a wani shasin. Wannan ya fita daga kanikanci, ya shiga laifi.

2. Tabbatar motar na da shasi, kuma shasin ya cancanci wahalar

Ba kowace motar daji ke rabuwa biyu ba. Lada Niva da tsohuwar Jeep Cherokee da Pajero ƙirar da ta fito wajajen 2000 zuwa sama, bodinsu da ƙashinsu a haɗe suke da walda tun daga kamfani. Ka leƙa ƙasa: in ba ka ga dogayen ƙarafa biyu masu zaman kansu da robobi tsakaninsu da bodi ba, wannan jagora ba ta motarka ba ce.

In akwai shasi, to a bincike shi kafin a kashe ko dala. A ƙasarmu ta yashi tsatsa ba ta cika kashe shasi ba, tsagewa ce ke kashe shi. Ka duba wajen maƙalan sifirin, wajen da akwatin sitiyari ke ɗaure, da bayan kai, inda lodi ke lanƙwasa fikof. Tsaga sau da yawa siririn jan layi ne kawai a cikin ƙura, sai an wanke ake ganinta. Motocin da suka yi ƙuruciyarsu a Turai suka shigo ta Kwatano kuwa, su ne masu ciwon ciki: gishirin da ake zubawa a titunan can lokacin ƙanƙara yana cin shasi daga ciki, waje kuma fenti na sheƙi. Ka bi shi da guduma taku-taku. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa amsawa yake yi a dushe.

Sai awo. Ka sami daɓen siminti madaidaici, ka saukar da igiya da dalma daga ramukan da ke da takwarorinsu hagu da dama, ka sa alama da alli a ƙasa. Ka ja motar, ka auna alamun a gicciye: gaba-dama zuwa baya-hagu, gaba-hagu zuwa baya-dama. Ni dai in bambancin ya wuce milimita 5 na kan tsaya in nemi dalili. Motar da ta taɓa kifewa ko ta ci karo, ba wuya shasinta ya murɗe, kuma madaidaicin bodi ba ya zama a karkataccen shasi. Ka tilasta shi, ƙofofi su ƙi rufuwa, gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya taɓa shi ba.

3. Zaɓen bodi

Da mita ake zuwa sayen bodi, ko a Maraɗi ne, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko wajen masu gwanjon motocin furoje. “Ai duk Land Cruiser ce” ita ce maganar da ta fi cin kuɗin mutane a wannan sana'a. Jerin 70 ya fara fitowa a 1984, kuma ko a cikinsa tsawo ya bambanta. Tsakanin tayar gaba da ta baya, 75 na da milimita 2,980, ita kuwa 79 da ta gaje ta a 1999 tana da 3,180, kanta ya ɗan fi tsawo, gabanta kuma ya koma sifirin mai naɗi. A 2007 an sake faɗaɗa gaban motar don injin V8 ya samu wuri. A ido duk kamarsu ɗaya, a ramukan bulon kowa da gidansa. Land Rover ma haka: akwai inci 88, akwai 109, kuma 110 da ta fito a 1983 wata aba ce dabam. Hilux kuwa kowace ƙira da nata zama.

Ka zana ramukan shasinka a takarda da awonsu, ka je ka gwada a ƙasan bodin da ake tallata maka. Sannan ka duba abubuwa uku da masu koyo ke mantawa.

Na farko, gefen sitiyari. Mu a dama muke tuƙi, sitiyarinmu a hagu. Najeriya ma ta koma haka tun 1972. Amma bodin da ya fito daga Japan ko Ingila ko Ostareliya sitiyarinsa a dama yake, kuma duk ramukan bangon da ke tsakanin injin da direba a juye suke. Mayar da shi hagu aiki ne na kansa, kuma bangon da aka farfasa aka yi wa faci ba ya riƙe fedar birki yadda ya kamata.

Na biyu, wuta. Wasu Land Cruiser masu gazwal bolt 24 ne, batir biyu a jere, wasu 12. Ka haɗa tablo mai 12 da wutar 24, ƙwayaye da allurai da injin goge gilashi su ƙone a buɗe maɓalli ɗaya.

Na uku, irin injin da bodin ya saba da shi. Injin 1HZ mai lita 4.2, wanda ya zo a 1990, da ƴar waya ɗaya a kan famfo ake kashe shi. Tsohon 2H kuwa wata ƴar na'ura ce mai jan sanda ke kashe shi. Mai fetur kuma tsarinsa dabam ne gaba ɗaya. Shawarata a nan ba ta canzawa: in damin wayoyin tsohon bodinka na da lafiya, ka zare shi ɗungurungum ka mayar a sabon. Ya riga ya san injinsa.

4. Shirya fili

Yashi ba ya riƙe jak. Ka zaɓi wuri mai tauri, madaidaici, ka shimfiɗa katako ƙarƙashin duk abin da zai ɗauki nauyi, ka bar fili a gaba wanda ya fi tsawon motar, domin shasi za a turo waje.

Maganar itace kuma, a bar ta. Reshen bedi ba ya sallama kafin ya karye. Gawo kuwa, ban da haɗarin, itace ne da doka ta kare, ka ɓalla reshensa ka haɗu da ma'aikatan gandun daji. Tubalin siminti ma ba abin tokare mota ba ne, rugujewa yake yi gaba ɗaya a lokaci guda. Tano fanko yana iya lotsewa. Ka cika shi da ruwa ka rufe, ko da yashi. Jarkokin fetur, murhu, da yara, duk a fitar da su daga wurin.

5. Kwancewa

Ka cire kan batir na mas tukuna, sannan na wuta, ka fitar da batir ɗin gaba ɗaya. Dalili: muddin mas na haɗe, sifanar da ta taɓa kan wuta da jikin mota a tare za ta yi tartsatsi. Ka juye ruwan lagireto, ka zuƙe mai daga tanki.

Daga nan hoto, hoto, hoto. Kowace mahaɗar waya ka ɗauke ta kafin ka raba, ka naɗa salatif a ɓangarorin biyu, ka rubuta lamba ɗaya. Bulon na kowane wuri da gwangwaninsa, a rubuce. Yau kana ganin ba za ka manta ba. Bayan sati uku da sallar wani da bikin wani, za ka tsaya kana kallon wayoyi bakwai masu launi ɗaya.

Ka rage wa bodi nauyi: kapo, fukafukan gaba, lagireto, kujeru, da akwatin baya in fikof ce. Sannan ka bi duk abin da ya haɗa sama da ƙasa: sandar sitiyari, bututun birki da na kuloci, wayar totur, wayar birkin hannu, wayar mizanin gudu, robobin hita, wuyan tanki da ƴan bututunsa, wayoyin fitilun baya, kawunan sandunan giya da na karabo (mai sa tayoyi huɗu su ja) da robobinsu, da wayoyin mas, waɗanda kan ɓuya a bayan injin.

Sandar sitiyari na son kulawa. Ka miƙar da tayoyi sak, ka ja layin fenti a kan mahaɗar kafin ka zare ta. In ba haka ba, za ka mayar da ita a kan wani haƙori, sitiyari ya karkace, motar ta fi juyawa gefe ɗaya.

Bulon ɗin da ke riƙe da bodi ka fara jiƙa su da gazwal ko WD-40 kwana biyu kafin ranar. Wanda ya ƙi, a yanke shi, tunda sababbi za a sa. Amma kafin wuta ko garenda ta matso, ka duba me ke kusa: tanki, bututun mai, ko shimfiɗar cikin mota, wadda kan ci wuta a ɓoye. Ka lura kuma da yadda robobi da wosha suke jere a kowane wuri, domin ba duka ne tsawonsu ɗaya ba.

Land Rover ta tsohuwar ƙira a nan ta fi sauƙi: gunduwa-gunduwa take fita, rufi, ƙofofi, akwatin kujera, akwatin baya, sai bangon gaba a ƙarshe. Mutum huɗu sun ishe ta ba tare da palan ba, ban da bangon, wanda ƙarfe ne mai nauyi.

6. Ɗagawa

Nan ne ake rasa yatsu, wani lokaci har rai, don haka a saurara.

In ƙasan bodin ya ruɓe, ka gicciya ƙarfe a bakin ƙofofi kafin ka ɗaga, in ba haka ba zai naɗe a sama. Majanyin ɗagawa ya bi ta wurare masu ƙwari, a sa katako tsakaninsa da kwano don kada ya lotsa shi. Kada ka ɗaure a tsakiya da ido kawai: kan fikof gabansa ya fi nauyi, saboda tablo da sitiyari da fedoji duk can suke.

Mutum ɗaya ne ke magana. Shi zai ce ja, shi zai ce tsaya, sauran su yi shiru su sa ido. A ja sarƙa har bodi ya tashi kamar yatsu biyu, a tsaya. A zagaya da tocila, a leƙa ta kowane gefe. Kusan kullum akwai abin da aka manta, wayar mas ko bututun tanki. In ka ji palan ya yi nauyi fiye da kima, ko shasi na biyo bodi sama, to akwai bulon da bai fita ba. Kada a ƙara ƙarfi, a sauke a nema. A ci gaba kaɗan-kaɗan, ana cusa katako a ƙarƙashi yayin da tazara ke ƙaruwa, ta yadda ko wani abu ya kuɓuce, faɗuwar ba za ta yi nisa ba. Hannu ba ya shiga tsakanin bodi da shasi. Abin da ya maƙale, da sanda ake ture shi.

Idan ya haye sandunan giya, a gicciya katakan nan biyu a kan tano, a saukar da nauyin a kansu. Palan na ɗagawa ne, ba a kwana da kaya a wuyansa. In tsawo ya gaza kaɗan, sace iskar tayoyi zai ba ka abin da ya rage.

Sai a turo shasi waje. Ka tuna yanzu ba shi da birki, ba shi da sitiyari. A kama sandar akwatin sitiyari da filaya mai kulle, mutum ɗaya kuma ya riƙe katakon tare taya yana biye.

7. Shasi tsirara

Ba za ka sake samun motar a buɗe haka ba, sai ka ci moriyar ranar. A wanke cikin shasi har laka da yashin shekaru su fito. A canza bututun birki da na mai da suka ci tsatsa, da robobin injin da na sifirin. In kuloci ya fara gajiya, yanzu ne canza shi ya fi araha.

In akwai tsaga, a huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a buɗe bakinta da garenda, a yi walda, sannan a ɗora faci mai tsini a gefuna biyu kamar ƙwayar ido. Facin da aka yanka murabba'i aka yi masa walda a tsaye daga sama har ƙasa, gefen waldar ne zai zama sabuwar tsaga, sau da yawa a tsakiyar daji da lodi a sama. Kafin walda a cire tanki, a cire wayoyin altaneta. Bayan nan jan fenti mai hana tsatsa, sannan baƙi. Wajen lamba kuwa, kada garenda ta taɓa shi, fenti ma shafa ɗaya siririya.

Sabon bodi ma a gyara ƙasansa tun yana sama a kan tano, a mayar masa da damin wayoyi da fedoji, a toshe ramukan da ba su da aiki. Ramin da aka bari a ƙasa ƙura yake shigarwa, da hayaƙin salansa, wanda ke sa direba jiri da barci bai san dalili ba.

8. Saukarwa da daidaitawa

A jera sababbin robobi, a turo shasi ƙarƙashi, a sauke a hankali kamar yadda aka ɗaga. Saura kaɗan ya zauna, a zura ƙarafan nan masu tsini ta ramukan kusurwoyi su ja shi zuwa mazauninsa. Ɗaya ya tsaya yana kallon sandar sitiyari da ta giya, ɗaya yana kallon wayoyi kada a danne su.

A sa dukkan bulon da hannu, kada a ɗaure ko ɗaya. Wanda ya ɗaure na farko tam, zai iske na ƙarshe ya kauce da rabin rami. A auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi hagu da dama, a rataya ƙofofi a ga tazararsu, a gyara da wosha inda ya kamata. Sai motar na tsaye a kan tayoyinta a wuri madaidaici za a ɗaure, daga tsakiya zuwa waje. A Land Rover, akwatin baya ake fara zaunarwa, sannan a matsa bangon gaba da wosha har ƙofofi su zauna daidai. Kuma duk inda alminiyom ya haɗu da ƙarfe a raba su da fenti ko ƴar roba, in ba haka ba alminiyom ɗin zai zama farin gari.

Yanzu ga babban kuskuren. Shasi an yi shi ne ya riƙa murɗawa kaɗan idan taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami. Robobin nan su ke shanye wannan motsi. Ka liƙe bodi da walda, ko ka sa guntun ƙarfe a madadin roba, motsin zai koma jikin kwano: ya yage wajen ƙafar direba, ya fasa gilashi, ƙara kuma ta hana a ji maganar juna. Guntun tsohuwar taya ma ba madadi ba ne, domin ba shi da bututun ƙarfen da ke cikin robar asali, wanda ke tsayar da bulon a inda ya dace. Yana lotsewa, bulon ya saki.

Akwai kuma masu cusa katako don mota ta ƙara tsawo ta yi kwarjini. Ba na goyon baya. A Hilux da Land Cruiser 70, lagireto a jikin bodi yake, fanka kuwa a jikin injin. Ka ɗaga ɗaya ka bar ɗaya, fanka ta ci murfinta. Sandar sitiyari ta miƙe fiye da ƙa'ida, nauyi ya ƙara hawa sama, a motar da dama can buhuna da mutane ake jibga mata har bisa kai.

9. Mayar da haɗi

Ka bi lambobinka a juye. Wayoyin mas ka kankare wurin zamansu har ƙarfe ya yi fari, domin sabon fenti ba ya wuce wuta. In mas tsakanin injin da bodi bai kama ba, wutar tayar da injin za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta birkin hannu, ta gasa ta. Duk inda waya ta ratsa kwano a sa mata zoben roba.

Man birki sabo, irin wanda aka rubuta a murfin tukunyar, DOT 3 ko DOT 4. Man injin ko na giya ko ɗigo ɗaya ya shiga, robobin birki sun kumbura. A fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da tukunya zuwa ta kusa. Fikof ɗin Toyota da yawa suna da wani bawul a baya mai auna lodi, shi ma da nasa wurin fitar da iska. Masu koyo na tsallake shi, su yi ta mamakin feda mai laushi. Kuloci ma a fitar masa. Mai gazwal kuma a buga ɗan famfon da ke kan matatar mai har ya yi tauri kafin a tayar.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: in tablo ya zo da sabon bodi, kilomitocin da ke jikinsa na wata mota ne. Injin 1HZ da bel yake tafiya, kuma fitilar da ke tunatar da canza shi da lissafin tablo take aiki, a tsofaffin a kilomita 100,000. In ba ka san shekarun bel ɗin ba, canza shi yanzu, ka rubuta lambar da tablo ke nunawa a jikin murfinsa. Bel ya tsinke injin na gudu, bawul sun tafi.

10. Gwaji

Kafin ka ɗaure kan batir na mas, ka ɗan taɓa shi maɓalli a kashe; tartsatsi mai ƙarfi na nufin akwai wayar da ta taɓa jiki. Ka tayar, ka bar injin ya yi zafi, ka leƙa ƙasa ka shinshina. Ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe wani na kallon robobin birki kada su goga taya. Ka taka birki da ƙarfi ka riƙe. In feda na nutsewa a hankali, akwai yoyo, motar ba ta fita.

Gwajin farko a fili, da tafiyar ƙafa. Na biyu a kwalta, ba kaya ba fasinja. Na uku a yashi, a sa karabo a cire, a ji ko sandar na bugun bakin raminta. Bayan sati guda na aiki a dawo da motar a sake bin bulon ɗin bodi da na sitiyari ɗaya bayan ɗaya, domin sababbin robobi na zama, abin da ka ɗaure tam zai yi sako-sako.

Kai kuma mai mota, na san kasuwa na jiranka, kuma kowace rana da motar ke tsaye asara ce. Duk da haka kada ka matsa wa yaro ya haɗa kwancewa da ɗagawa a yini ɗaya, kuma kada ka ɗora mata mutum ko buhu sai ta je bizit, wato binciken lafiyar mota, takardunta da inshorarta sun dace da sabon bodin.